Idan Alƙali Ya Shiga Kasuwa

Da daddare sanarwar ta shigo, a zauren WhatsApp ɗin da mu masu rubuta manhaja muke zuba surutu da kukan rashin wuta. Wani ne ya ɗauki hoton shafin jarida ya turo: babbar kotun wata jiha tana neman kamfanin da zai gina mata manhajar shigar da ƙara da bibiyar fayil. A ƙasan hoton ya rubuta, "Ga dama ta samu." Kafin gari ya waye, mu uku da muka haɗa ɗan ƙaramin kamfani mun riga mun yi lissafi, mun raba riba, har ɗayanmu ya ɗora sola a rufin gidansu a zuci.

Babu abin kunya a nan. Kotu ma ma'aikata ce. Tana buƙatar takarda da tawada, kujeru da fanka, janareto da man da zai sha, masu shara, masu gadi, tafintoci, kwamfutoci da mai gyara su. Dole wani ya kawo waɗannan, kuma dole ya ci riba. Abin da ya hana mu barci daga baya tambaya ce da ba mu yi wa kanmu ba a daren farko: shin kwangilar kotu daidai take da kwangilar kwalbati ko ta fentin ajin makaranta, ko kuwa akwai wani nauyi a cikinta da takardar yarjejeniya ba ta ambata?

Mun kai maganar wajen kawun ɗayanmu, tsohon ɗan kwangila da ya ga jiya ya ga yau. Ya bari muka gama zuba, sannan ya ce, "Yarana, ba a kwangila ake cin riba ba, a gyara ake ci. Ku karya farashi ku shiga. In kun shiga, kada ku ba su makulli. Duk ranar da abin ya tsaya, ku za a nemo." Muka ce, "Haba Kawu, ai kotu ce." Ya ce, "Shi ya sa na gaya muku. In suka hana ku kuɗinku, gaban wa za ku kai ƙara?"

Mun yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mana. A kowane ciniki da ya lalace, mai saye da mai sayarwa suna da wurin zuwa. A wannan cinikin kuwa, wurin zuwan shi ne mai sayen. Ɗan kwangila ya san haka, sai ya kare kansa ta hanyar riƙe abin da kotu ba za ta iya aiki ba sai da shi. A wajenmu wannan makulli shi ne asalin rubutun manhaja, da kalmar sirrin rumbun bayanai, da sanin yadda aka jera bayanan a ciki. Kotu ta riƙe kuɗi, mu mun riƙe makulli, kowa yana hararar kowa. Akwai kuma mutum na uku wanda ba a gayyace shi zaman ba, bai ga takardar ba, bai ma san ana cinikin ba.

Mun gan shi, ko dai mun ga fayil ɗinsa. Sanarwar ta ce masu sha'awa su je su duba wurin aiki kafin su sa farashi, sai muka je. Ɗakin rajista cike yake da fayiloli ɗaure da zare, wasu a kan kanta, wasu a ƙasa an ɗora su kan katako saboda damina. Rajistaran dattijo ne, da ganinsa ya kusa ritaya. Muka ce, "Baba, mene ne ya fi damunku a aikin nan?" Mun zaci zai ce zafi ko ƙura. Sai ya zaro wani fayil ya ce, "Samari, wannan tun kafin azumi aka ba shi beli. Takardar ce ta maƙale tsakanin tebur biyu. A gidan yari ya yi sallah." Ya mayar da fayil ɗin, ya ƙara da cewa, "In na'urarku za ta hana irin wannan, Allah ya ba ku sa'a. In kuma za ta ƙara ne, ku bar mu da zarenmu."

Za ta iya ƙarawa kuwa, kuma an gani a ƙasar da ba ta da matsalar wuta ko ta kuɗi.

A Amurka kowace jiha tana da nata kotuna, kamar yadda muke da su a nan. Jihar Kalifoniya tana da gundumomi 58, kowace da babbar kotunta, kuma a da kowace tana amfani da irin manhajar da ta ga dama, har ta kai wata kotu ba ta iya ganin abin da wata ta yanke a kan mutum ɗaya. A farkon shekarun 2000 ofishin da ke gudanar da kotunan jihar ya ƙuduri gina manhaja ɗaya da za ta haɗe su duka, aka sa mata suna CCMS, aka ba kamfanin Deloitte aikin. Niyya ce mai kyau, kuma duk wanda ya san aikinmu zai so a ce shi aka ba. A 2004 an ƙiyasta aikin zai ci dala miliyan 260. A watan Fabrairun 2011 mai binciken kuɗi ta jihar, Elaine Howle, ta fitar da rahoto cewa in aka ci gaba zai kai kusan dala biliyan 1.9. Ta gano an yi wa yarjejeniyar kamfanin kwaskwarima sau 102, kuɗinta ya tashi daga dala miliyan 33 zuwa miliyan 310. Ta kuma ce ba a zauna tun farko an auna amfanin aikin da tsadarsa ba, kuma ba a samu amincewar kotunan da za su yi amfani da shi ba. A watan Maris na 2012 Majalisar Shari'a ta jihar ta soke aikin, bayan an kashe sama da dala miliyan 500.

Kwaskwarima sau 102. Da muka karanta wannan sai muka tuna Kawu. Bai taɓa zuwa Kalifoniya ba, amma lissafin da ya koya mana a zaure shi ne ya fito a rahoton.

Abin lura shi ne rahoton bai ce wani ya saci kuɗi ba. Mu a nan mun saba idan an ce kwangila ta lalace sai mu tambayi wa ya ci. Ana iya ɓarnar dukiya mai yawa ba tare da ɓarawo ko ɗaya ba, in dai mai saye bai san abin da yake saye ba kuma babu wanda yake da ikon tambayarsa. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a takarda ba. Daga Satumban 2009 kotunan Kalifoniya sun riƙa rufe ƙofa ranar Laraba ɗaya a kowane wata saboda ƙarancin kuɗi, a daidai lokacin da ake zuba kuɗi a manhajar. Wasu alƙalan jihar sun fusata har suka kafa ƙungiyarsu ta daban suna sukar shugabanninsu. Matar da ta zo neman kotu ta raba ta da mai dukanta ta tarar da ƙofa a rufe ba ta san sunan CCMS ba, amma da ita aka biya.

Bayan mutuwar wannan aiki kowace gunduma ta koma neman mafita da kanta, da yawa suka sayi manhajar da aka riga aka gina ake sayarwa. Gundumar Alameda, inda birnin Oakland yake, ta koma wata manhaja mai suna Odyssey a watan Agustan 2016. Cikin 'yan watanni babban lauyan da gwamnati ke biya don kare marasa hali a gundumar, Brendon Woods, ya garzaya kotu yana kuka: ana kama mutane da warantin da tuni aka soke, ana riƙe wasu a kurkuku bayan ranar fitarsu ta wuce, har an rubuta wasu cikin jerin masu laifin lalata alhali ba su ne ba. Magatakardan kotu sun kasa shigar da hukunci da saurin da ake yanke shi, aiki ya taru. Alƙali ya ce a saki mutum, kwamfuta ba ta ji ba tukuna, ɗan sanda kuma kwamfuta yake dubawa. Wannan shi ne fayil ɗin da Baba rajistara ya nuna mana, sai dai can babu zare.

Mu da muka karanta ilimin kwamfuta an koya mana cewa babu manhajar da ba ta da kuskure. Mun saba da faɗin haka har ya zama mana uzuri. In manhajar sayar da atamfa ta yi kuskure, a mayar wa mutum kuɗinsa, a ba shi haƙuri. Ran da kuskuren ya zama kwana tara a bayan kanta ga wanda alƙali ya riga ya sallama, me za a mayar masa? A fom ɗin da muke zanawa akwai ɗan akwati na rubuta kwanan wata. A wajenmu akwati ne kamar sauran. In aka juya rana da wata, 3 ga watan 10 ta zama 10 ga watan 3, wani ya rasa zaman shari'arsa, a ce ya tsallake beli. Wanda ya sa hannu a kwangilar ba zai kwana a can ba, mu ma ba za mu kwana ba.

To wa zai sa ido? A nan ne maganar ta yi wuya, domin amsar da ta fara zuwa baki tana da haɗari. Mai karatu zai ce, a bar gwamna da majalisa su riƙe kuɗin kotu, su tantance duk abin da za ta saya. Amma mun san abin da wannan ke haifarwa. Alƙalin da sai ya je gidan gwamnati ya roƙi kuɗin man janareto, gobe in aka kawo masa ƙarar gwamnati da wane ido zai kalle ta? Saboda wannan ne ma'aikatan shari'a na Najeriya, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta JUSUN, suka kulle kotuna daga 6 ga Afrilun 2021 har kimanin wata biyu, suna neman a aiwatar da sashe na 121(3) na kundin tsarin mulki, wanda ya ce a riƙa ba shugabannin kotunan jiha kuɗinsu kai tsaye. Shugaba Buhari ya sa hannu a Umarni na 10 a watan Mayun 2020 don tilasta wa jihohi, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022, sannan a Maris na 2023 aka gyara kundin don ƙarfafa 'yancin. Muna goyon bayan wannan ba tare da jan ƙafa ba. Sanarwar da ta shigo zaurenmu ma ɗiyar wannan gwagwarmaya ce: kotu ce da kanta take neman ɗan kwangila.

Sai dai 'yanci ɗaya ake bayarwa, mutane su mayar da shi biyu. An ba alƙali 'yancin yanke hukunci ba tare da tsoron kowa ba. Ba a ba shi 'yancin sayen kujera ba tare da rasit ba. Jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka ta koyi wannan da tsada. A can, a wancan lokacin, tsarin mulkin jihar ya hana majalisa rage kasafin da kotu ta rubuta wa kanta. A 2017 'yan jarida suka tono yadda aka kashe miliyoyin daloli wajen gyara ofisoshin alƙalan kotun ƙolin jihar, ciki har da doguwar kujera ta dala 32,000 a ofishin Mai Shari'a Allen Loughry. A watan Agustan 2018 majalisar wakilan jihar ta kaɗa ƙuri'ar tuhumar duk alƙalai huɗun da suka rage a kotun. Loughry ya ƙare da ɗaurin shekara biyu daga kotun tarayya, kan laifukan da suka haɗa da amfani da motar gwamnati da katin mai don harkar kansa da yi wa masu bincike ƙarya. Amma da ɗaya daga cikin alƙalan ta ƙalubalanci tuhumar da ake mata, alƙalan wucin gadi da aka ɗora a kujerun wannan kotu ɗin su ne suka yanke cewa majalisa ta wuce gona da iri, shari'ar tsigewar ta tsaya. Wataƙila a doka suna da gaskiya. Amma talakan da ke kallo daga waje abin da ya gani shi ne wanzami ba ya son jarfa. A Nuwamban shekarar masu zaɓe suka gyara tsarin mulkin jihar, suka ba majalisa ikon duba kasafin kotu, da sharaɗin ba za ta rage shi ƙasa da kashi 85 cikin 100 na bara ba sai da rinjayen kashi biyu cikin uku. Wato a sa ido, amma kada a shaƙe.

Kalifoniya ma haka ta yi. A 2011, bayan rahoton Howle, aka yi dokar da ta tilasta wa kotuna bin ƙa'idojin bayar da kwangila irin na sauran ma'aikatun jiha, da littafin ƙa'ida a rubuce, kuma mai binciken kuɗi ya riƙa duba su lokaci-lokaci. Ba mu ji an ce wannan ya sa wani alƙali ya sauya hukunci ba.

Malaman fiƙihu na da sun hango matsalar tun ba a san kwamfuta ba. Sun karhanta wa alƙali ya riƙa saye da sayarwa da kansa, musamman a majalisar da yake hukunci, wasu ma suka ce in ya zama dole ya wakilta mutumin da ba a san wakilinsa ba ne. Dalilinsu a fili yake: ɗan kasuwa ba zai yi wa alƙali tsada ba, ragin da zai yi masa kyauta ce, kyauta ga alƙali kuwa kowa ya san sunanta na gaskiya. Maganinsu shi ne a ɓoye mai saye. Yau wannan magani ba zai yi ba, domin kotu ba za ta iya aika yaro kasuwa a asirce ya sayo mata manhaja ba. Tunda ba za a iya ɓoyewa ba, abin da ya rage shi ne a buɗe gaba ɗaya: wa ya nema, nawa kowa ya sa, wa ya samu, don me, sau nawa aka ƙara kuɗi daga baya. Ka tuna kuma kamfanin da ke riƙe da rumbun bayanan kotu yau, gobe yana iya zama mai ƙara ko wanda ake ƙara a gabanta kan wata magana daban. Abokin shari'arsa yana da haƙƙin sanin wannan alaƙa.

Duk wannan nauyin kotu ne da majalisa. Namu fa? Laifi tudu ne, kuma mun iya hango na alƙalai.

Mun zauna mu uku mun jera abin da muka san daidai ne, wanda kuma sanarwar ba ta nema ba. Asalin rubutun manhajar da duk bayanan su zama mallakar kotu, a rubuce, ta yadda in ta kore mu gobe wani zai ɗora daga inda muka tsaya. Duk wanda ya taɓa kwanan wata ko ya goge shafi, manhajar ta rubuta sunansa da lokacin, kuma mu kanmu kada mu iya share wannan. A zauna da magatakarda irin su Baba tun daga zane, domin su ne za su latsa maɓallan sau ɗari a rana, ba alƙalin alƙalai da za a nuna wa hoton a ɗakin taro ba. Sannan a yi wasu watanni ana tafiya da takarda da kwamfuta tare, ana gwama su kullum, musamman umarnin beli da na saki, kafin a ce an bar zare. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidan yari jiran shari'a suke yi, wannan na ƙarshen ba ƙawa ba ce.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara mana farashi ko yana rage mana riba, na farkon ma zubar da makullin Kawu ne gaba ɗaya. Ɗayanmu, wanda matarsa ke gab da haihuwa, ya faɗi abin da dukanmu muke tunani: "In muka yi haka ba za mu ci ba. Wanda zai ci kuma ba zai yi ko ɗaya ba. To wa muka taimaka?" Ba mu raina wannan magana ba, har yanzu ma ba mu raina ta ba. Tsarin da ke cewa a ba mafi araha an yi shi ne don hana son kai, kuma yana hanawa, amma yana iya hukunta wanda ya faɗi gaskiyar abin da aiki zai ci. Akwai hujja mai ƙarfi cewa gara mai tsoron Allah ya shiga da farashin ƙarya ya yi aikin kirki, da ya tsaya a waje da tsarkinsa.

Abin da ya hana mu karɓar wannan hujja shi ne mun san kanmu. In muka shiga da farashin da ba zai ishi aikin ba, wata na shida kuɗi zai ƙare, kuma abin da za mu fara yankewa shi ne gwaji, domin shi ne ba a gani a ranar buɗe aiki da almakashi da 'yan jarida. Daga nan sai mu koma neman kwaskwarima ta ɗaya, ta biyu, kuma abin da zai sa a ba mu ita shi ne makullin da muka ce ba za mu riƙe ba. Ba mu yarda akwai wanda ya shiga aikin Kalifoniya da niyyar kaiwa 102 ba.

Mun bar layukan a cikin takardar. A shafi na huɗu muka ware kuɗin watannin gwaji daban, muka rubuta a ƙasa abin da za a yi da shi da abin da zai iya faruwa in aka cire shi, don in kwamitin ya ga dama ya yanke, ya san abin da yake yankewa. Da muka je miƙa ambulan mun biya ta ɗakin rajista mu gaida Baba, aka ce ya fita kai wata takarda gidan yari da kansa, masinja bai zo ba. Akwatin tanda na bakin ofishin babban magatakarda, da kwaɗo biyu a jiki. Da muka saka namu mun ji ya faɗa kan wasu. Ranar Alhamis za a buɗe.